Zinaren Idaho da zinaren Anka

Maƙwabcina a nan Boise, babban birnin jihar Idaho ta Amurka, tsohon direban tirela ne da ya ajiye aiki. Duk lokacin zafi sai in ga ya ɗaura wani inji a bayan mota ya nufi duwatsu. Da na tambaya, ya ce na tsotsar zinare ne. Injin yana yawo a kan ruwa, mutum ya nutse riƙe da mesa mai kauri yana zuƙo yashi da tsakuwa daga gindin kogi, su bi ta wani kwararo mai gargada, zinaren ya maƙale saboda nauyinsa, sauran ya koma ruwa. Abin da yake samu a shekara ko kuɗin mai ba ya mayarwa. Wai nishaɗi ne. Ni da na tashi a Anka ta jihar Zamfara, inda ake haƙar zinare, sai da na yi shiru.

Kogin da filin na gwamnati ne, amma ba a barin kowa ya yi yadda ya ga dama. Sai ya karɓi takarda daga hukumar ruwa ta jihar. Bakin mesar kada ya wuce inci 5, injin kada ya wuce ƙarfin doki 15. Ba a ƙwaƙule gaɓar kogi. Kowane kogi da lokacinsa: a reshen kudu na kogin Clearwater wata guda tak ake bayarwa, daga 15 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta, don kada a tsotse ƙwan kifin da ke cikin tsakuwa. Wasu kogunan a rufe suke ruf. Mai wanke yashi da faranti kuwa ba ya bukatar wannan takarda.

Jihar Kalifoniya ta fi tsanani. Tun 2009 ta dakatar da injin, bayan ƙabilar Karuk ta kai ƙara kan kifinta, ga kuma zaibar da mahaƙan zinare na zamanin 1849 suka bari kwance a koguna, wadda injin ke tayarwa. Duk da haka, a garin Coloma na jihar, inda aka fara tsintar zinaren a 1848, har gobe yara na wanke yashi da faranti. Injin aka hana, ba neman ba.

Wannan bambancin ne ke cina. Na san wani zai ce ina haɗa mai wasa da mai neman abin sawa a bakin salati, kuma da gaskiyarsa: ɗan baffana da ke shiga ramin zinare ba don sha'awa yake shiga ba. To ai shi ya fi cancantar dokar da za ta gaya masa yadda zai yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Ba haƙar ce kaɗai ta kashe su ba, niƙa dutsen zinaren mai ɗauke da dalma a busasshe ne cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Me muka samu? A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai kwata-kwata a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Kowa ya san ba a daina haƙa ba, an dai koma yi a ƙarƙashin wanda ke riƙe da bindiga. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa, amma daga Abuja yake fitowa, kuma mai diga da shebur ba ya ma jin labarinsa.

Abin da nake so a aro daga Idaho ƙanana ne: doka gajera, da Hausa, a karanta a rediyo da ranar kasuwa. Ba a niƙa dutse cikin gari. A jiƙa shi kafin niƙa. A cire kayan aiki a yi wanka kafin a shiga gida. Yaro ba ya zuwa wurin. Takardar kuma a same ta a hedikwatar ƙaramar hukuma, da sanin hakimi.

Makon jiya maƙwabcin nawa ya nuna mini abin da ya tara bana a cikin 'yar kwalba, bai cika cokalin shayi ba. Na ɗauki hoto na tura wa ɗan baffana. Ya amso da muryarsa yana dariya: "Yaya, wannan ai ko kuɗin niƙa bai kai ba."