Dala 48 ba ita ce matsalar mafarautan Texas ba

Wani mai sharhi a kan labarin takardar izinin farauta ta dala 48 da ake sayarwa a jihar Texas ta Amurka ya ce karɓar kuɗi kafin a shiga farauta zalunci ne tunda dabbar daji ta Allah ce, amma ya manta gonar da dabbar take kiwo a ciki tana da mai ita. A Texas sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakin mutane ne, an kewaye da waya, duk wanda ya tsallaka ba izini kuwa kotu zai gurfana. In ba da takardar ba, kafin talaka ya samu inda zai harbi kurciya, sai ya yi haya kai tsaye da mai fili, kuma hayar filin farautar barewa na shekara kan kai dubban daloli. Wannan takardar izini ta dala 48 ita ke buɗe masa kusan eka miliyan 1, ciki har da gonakin dawa da hukumar kula da namun daji ta jihar ke haya daga manoma. Abin da labarin bai taɓo ba, kuma shi ke damuna, shi ne cunkoso. Ranar 1 ga Satumba da ake buɗe harbin kurciya, motoci kan yi layi a bakin gona tun asuba, tsuntsaye su watse kafin hantsi, a bar wa manomi kwanson harsashi a kunya. In manomin ya gaji ya ba attajiri guda hayar filin, wa za a zarga? Ya kamata hukumar ta fito ta faɗi nawa ne ke isa hannun manoma daga kuɗin nan.