Ranar da aka sauko da ni daga tsani a gaban mutane

Wallahi har yanzu in na tuna abin sai inji wani abu ya tokare min a ƙirji, duk da an fi wata uku da yin sa. Aikin ba wani aiki bane fa, kwan fitila ne guda ɗaya ya mutu a wani lungu na siton da nake aiki a nan Ingila, wajen da ake jera kwalaye kafin a loda su a mota. Silin ɗin wajen bai wuce mita uku da ɗan wani abu ba. Akwai wani tsani mai ƙafa biyu irin wanda ake buɗewa, tun zuwana nake ganin sa jingine a bayan ƙofa. Na ɗauko, na buɗe, na haye. Da naga hannuna bai kai sosai ba sai na taka na can saman na miƙe tsaye, hannu ɗaya riƙe da murfin fitilar, ɗayan da sukundireba. Saura ƙiris in gama.

Sai naji an kira sunana daga baya. Ogarmu ce, wata mata 'yar gajeriya da ba ta cika magana ba, sanye da rigar nan tasu mai ɗaukar ido. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ihu tayi min da abin ya fi min sauƙi. Cewa tayi in sa sukundireban a aljihu, kar in juyo, in sauko a hankali ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lallashin yaro ya sauko daga bishiya. Mutum huɗu ko biyar suka tsaya suna kallon ikon Allah. Ƙafata na taɓa ƙasa ta ninke tsanin da kanta ta miƙa wa wani ya tafi da shi. To a nan ne wani yaro a cikinsu, wanda na ba shi shekara goma sha a haihuwa, yayi 'yar dariya yace min wai a ƙasarku haka kuke yi ko? Saukowar na shanye ta, amma wannan tambayar ta kwana da ni.

Ba a yi minti goma ba aka turo wani ɗan ƙarfe mai taya huɗu, siriri ne don ta ƙofar ofis aka shigo da shi. Sunansa Pecolift. Bari in kwatanta muku shi don nasan da yawa ba ku taɓa gani ba, ni ma kaina kullum ina wuce shi a kwana ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Ɗan dandamali ne na tsayuwar mutum ɗaya, an kewaye shi da ƙarafa har saman ƙugu, da 'yar ƙofarsa da kake shiga ka rufe. Ba batir, ba waya, ba fetur. Mariƙi ne kawai a gefe kamar na keken ɗinki na hannu, kana juyawa yana ɗaga ka sama, kuma juyin ba nauyi ko kaɗan saboda akwai wata dabara kamar sifirin a cikinsa da ke ɗauke yawancin nauyin. Yana fara tashi birki ke kama tayoyin da kansa, ko an hankaɗa shi ba inda zai je. In ka saki mariƙin sai ya tsaya cak a inda yake. Ƙafarka na tashi mita ɗaya da rabi daga ƙasa, wato hannunka na kaiwa wajen mita uku da rabi, kuma yana ɗaukar kilo 150, kai da kayan aikinka.

Na zata ni za'a ce in shiga in ƙarasa aikina. Ina! Wai ba'a koya min ba, sunana ba ya cikin takarda. Yaron nan mai dariya shi ya shiga, ya rufe ƙofa, ya juya mariƙi yana fito, ya ajiye sukurori a wani ɗan tire da ke gefe, ya sa hannu biyu ya cire murfin, ya canza kwan, ya sauko. Ni ina tsaye a ƙasa kamar an dasa ni. Kuma abin da ya fi ƙona min rai shine yadda naga aikin ya zo masa da sauƙi. Hannunsa biyu duk a aiki suke, ba ya tunanin ƙafarsa, ba ya neman wanda zai riƙe masa komai.

Daga ranar na fara lura da irin waɗannan injina, ashe dangi ne guda. Akwai wanda ba ya ɗagawa ma sam, matakala ce mai taya da keji a sama, ka hau ka rufe kanka a ciki. Akwai mai batir da ake turawa da hannu, ka danna maɓalli ya miƙe kamar eriyar rediyo, sashe na fitowa daga cikin sashe, irin wannan sai an buɗe masa ƙafafu huɗu an dasa su a ƙasa kafin ya yarda ya tashi. Akwai mai almakashi, wanda ƙarafansa ke harɗe da juna suna buɗewa, shi tuƙa shi ake yi daga sama, mutum biyu na iya tsayawa a ciki da kayansu, yana tafiya yana ƙara fif fif fif kowa na kaucewa. Sai mai dogon hannu da kwando a ƙarshe, wanda suke ce wa ceri-fika, shi ke lanƙwasa ya tsallake abu ya kai ka inda ba hanya ta ƙasa. Har da wani mai ƙafafu kamar gizo-gizo da ke bi ta ƙofa ya buɗe a cikin gini. Masu wanke tagogi kuwa da yawansu sun daina hawa gaba ɗaya, doguwar sanda ce mai buroshi ruwa na bi ta cikinta, mutum na tsaye a ƙasa yana wanke hawa na uku.

Kar ku ɗauka wai an haramta tsani a nan, hukumar lafiyar ma'aikata tasu, HSE, ta sha nanata cewa ba'a hana ba. Dokar aiki a sama da suka yi a 2005 cewa tayi in akwai yadda za'a yi aikin daga ƙasa a yi, in dole sai an hau a hau abin da zai hana faɗuwa, in wannan ma bai samu ba a rage nisan faɗuwar da illarta. Tsani na can ƙarshen layi, na aiki mara haɗari sosai kuma gajere, sun ce in zai wuce minti 30 a nemi wani abu. Mai jingina kuma akwai lissafinsa, duk tsawo huɗu gindinsa ya janye ɗaya daga bango, kuma gaɓoɓinka uku su kasance a jikinsa. Ni ranar nan ƙafa biyu ce kawai, a kan matakin da aka liƙa wa hoton mutum an ja masa jan layi. Ban ma ga hoton ba sai daga baya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya kamata in faɗa wa yaron nan bakina ya mutu. Ba tun fil azal suke da waɗannan injina ba. Cikin kamfanonin da ke ƙera su, Genie a 1966 aka kafa shi a Amurka, JLG kuma a 1969, jiya jiya kenan, kakansa ma tsani ya hau ya gina gidajen jan bulon da suke taƙama da su. Kuma har gobe faɗowa daga sama shi ya fi komai kashe ma'aikata a ƙasar nan, a shekarar 2023 zuwa 2024 ma'aikata 138 suka mutu a bakin aiki a Birtaniya, 50 daga ciki faɗowa suka yi. Da duk injinan nasu fa. Mu kuma kun san mutanenmu, ba sai na tsaya ba ku labari ba, kun san abin da mai wayarin ko mai fenti ke yi da tsani ɗaya da yaro ɗaya riƙe da gindinsa. A ɗauki yaron nan a ajiye shi a can a ce ga tsani ga bango, wallahi ko hawa biyar ba zai yi ba gwiwarsa zata fara rawa. Akwai gwaninta a jikin mutanenmu da ba'a koyar da ita a aji.

Sannan wani abin nasu ma ɓata lokaci ne tsagwaronsa. Kwan fitila ɗaya sai an cike fom, sai an nemo mai kati, sai an kewaye wajen da 'yan robobin nan masu kama da hula. Aikin minti biyu ya ci rabin awa. Kuma injinan nan 'yan gata ne, ƙasa mai laushi ko mai gangara ba sa so, ɗan rami kaɗan taya ta faɗa ciki kana sama shikenan an kife. Ko'ina a siton nan daɓen siminti ne sumul kamar faranti, to ai dole su ji daɗin tura abu mai taya.

Duk na faɗa wa kaina wannan a cikin bas ina komawa gida, na ji sanyi a raina na kwana biyu. Amma gaskiya ɗaya ce, matar nan ta fi ni gaskiya, kuma injin ya fi tsani nesa ba kusa ba.

Da aka tura ni kwas na wuni ɗaya na karɓo katin IPAF, wato shaidar an koya maka aiki da injinan nan, wanda ke aiki shekara biyar kafin a sabunta, abin da ya ba ni mamaki shine malamin bai ɓata lokaci wajen yabon injin ba, yadda yake kashe mutane ya dinga nuna mana. Yadda kwando ke matse ƙirjin mutum da ƙarfen rufi in ya danna sama bai duba bayansa ba. Yadda mai dogon hannu ke cilla mutum waje kamar an harba gwafa in taya ta faɗa rami, shi yasa a cikinsa ake ɗaura belet ɗin jiki da gajeriyar igiya. Wayar wuta a sama. Iska, yawancinsu in ta wuce mita 12.5 a daƙiƙa ba'a tashi da su a waje. Ya sa kowannenmu ya durƙusa ya nemo inda ake sauko da injin daga ƙasa in na sama ya suma, yace kar ka taɓa hawa sai akwai wani a ƙasa da ya san wannan wajen. Duk wata shida kuma sai ƙwararre ya zo ya bincike injin ya sa hannu, tunda mutum yake ɗagawa. Ina zaune ina jin wannan sai naga ashe duk abin an gina shi ne a kan cewa mutum zai yi kuskure wata rana, zai yi jiri, atishawa zata zo masa, wuta zata ɗan ja shi ya zabura. A cikin keji in ka zabura ƙarfe zaka buga. A kan tsani kuwa kun san sauran.

Mu namu tsarin a kan cewa gwani ba ya kuskure aka gina shi. In kuma ya faɗo sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a je dubiya, a kawo wani ya ƙarasa aikin da tsanin da ya kayar da na farkon. Ni na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna. Kuma uzurin da muke fakewa da shi na rashin wuta bai shafi ɗan ƙarfen nan da na fara ba ku labari ba, hannu ne ke juya shi. Matakala mai keji da taya kuwa wane mai walda ne zai ce ta gagare shi? Mutanen da ke haɗa abubuwan da suka fi wannan wuya daga tarkacen ƙarfe? Matsalar ba'a taɓa ce musu ana so bane, don wanda zai biya kuɗin ba shi ke hawa ba. Nan ma fa ba tausayi ne ya yi musu yawa ba, kar ku ɗauka, in ma'aikaci ya faɗo akwai kotu, akwai tara, akwai inshora, ƙashin bayan lebura na da tsada shi yasa ake lallaɓa shi. Inda ya zama ba shi da tsada kuwa, tsani ya isa.

Abin da yasa ma na zauna rubuta duk wannan, ƙanena ne. Sola yake ɗora wa mutane a rufin gida, kuma Allah ya sa masa albarka a hannu. Kwanaki ya turo min bidiyo yana aiki a wani bene, wanda ya ɗauka yana ƙasa yana masa kirari, shi kuma yana hawa da faranti guda a kafaɗa, hannu ɗaya a tsani, tsanin ma biyu ne aka haɗa. Da can in na ga irin wannan alfahari nake ji, har in tura wa abokai. Wannan karon sai naji tafin ƙafata na zufa, na kasa kallo har ƙarshe. Na kira shi na fara zuba, keji, birki, mita kaza, gaɓoɓi uku, har hoton injin na tura masa nace ya nuna wa mai walda ko za'a yi masa wani abu makamancin haka, ni zan biya.

Ya bari na gama tas sannan ya kwashe da dariya. Yace, "Yaya kenan, ka zama Bature wallahi. Kai da kake hawa katanga ka ɗauko mana ƙwallo, yau kai ke tsoron tsani?" Nace masa ba tsoro bane, lissafi ne. Yace, "To Yaya wa zai ɗauko min wannan ƙarfen zuwa wajen aiki, a bayan mashin zan ɗaura shi? Ku can komai an shimfiɗa muku." Wannan "ku can" ɗin ta dake ni fiye da dariyar yaron sito. A nan ana tambayata ko haka muke yi a ƙasarmu, a can kuma an riga an sa ni cikin "ku". Na buɗe baki zan ce masa ai ni ma ranar nan a saman tsani aka kama ni, irin hawan da muka tashi da shi, sai naji ana ƙwala masa kira daga nesa, yace min bari ya je Yaya, rana na yi, saura faranti shida bai ɗora ba. Hoton da na tura masa har yau alama ɗaya ce a jikinsa, bai ma sauke shi ba.