Takardar gayyata ba kuɗi ba ce

Tun daren jiya nake danne zuciyata, na ce ba zan tanka ba, amma gari ya waye abin bai sauka ba. Kun dai ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta wa ƙanwarmu mai zane, bayan ta sanar cewa za ta karyar da wasu zane-zanenta don ta haɗa kuɗin tafiya wani gidan masu fasaha a Turai da ya gayyace ta ta je ta zauna ta yi aiki na ɗan lokaci. Wai yaya wadda Turawa suka gayyata za ta koma talla, wai to ina amfanin gayyatar. Har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara basira. Mutumin da bai taɓa cike fom ɗin biza ba, bai taɓa ɗora akwati a sikeli gabansa na faɗuwa ba, yau shi ne babban mai binciken aljihun wasu. Waɗanda suka bi bayansa suna tafa masa ma ina gaishe ku, na ga sunayenku ɗaya bayan ɗaya.

Ku saurara da kyau, don zan maimaita har ku gaji da ni: takardar gayyata ba kuɗi ba ce.

Takarda ce mai tambari, mai cewa mun zaɓe ki, ga ɗaki, ga wurin aiki, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Shi ke nan. Ba a kai ta banki a canza. Kamfanin jirgi ba ya karɓarta a madadin tikiti. Amma da zarar mutane sun ga hotonta sai lissafi ya tashi, a fara yi wa rogo kallon kitse. Wanda ya yi shekara bai gaishe ta ba ya tuna lambarta. Mai bin ta bashi ya matso da ranar biya, wanda take bi kuma ya ɗauka an yafe masa.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Akwai gidajen da suke ɗauke wa mai fasaha komai, kuma labarinsu ne ya fi yawo. Tun 1666 Sarkin Faransa Louis na 14 ya kafa makarantar masu fasaha a birnin Rum, yana tura matasan masu zane da masu sassaƙa su zauna can a kan kuɗin fada. A 1803 aka mayar da ita gidan Villa Medici, kuma har gobe Faransa tana biyan waɗanda ta zaɓa su yi shekara a can. A Amurka akwai MacDowell, tun 1907, a cikin dajin New Hampshire, inda ba a karɓar kuɗin ɗaki, abincin rana ma a kwando ake kawo maka a ajiye a bakin ƙofa don kada a katse maka tunani. Wa zai ƙi wannan? Amma gida nawa ne haka, kuma mutum nawa suke ɗauka cikin tulin masu nema? Je ka Cité internationale des arts a Paris, wanda aka buɗe a 1965, mai ɗakunan aiki sama da 300. Suna ne babba, shiga cikinsa abin alfahari ne, amma wata-wata ake biyan kuɗin zama, sai dai in wata hukuma ko gidauniya ta tsaya maka. Wasu gidajen ɗaki kawai za su ba ka. Wasu su ba ka ɗaki da ɗan abin kashewa wanda ba zai kai ka ƙarshen wata ba. Wasu kuma, irin wanda ya gayyaci ƙanwarmu, su ce ki sayi tikiti da kuɗinki, in kin iso kin kawo rasit za mu mayar miki. In kin iso fa. To da me za a iso? Da 'yar fuskar dariyar malam?

Kuma ko su na Rum ɗin, da ake ganin sun faɗa tsundum cikin daula, a da can dole ne su riƙa aikawa da aikinsu Paris manyan malamai su duba su yi hukunci. Tun asali babu wanda aka taɓa ba ɗaki don ya je ya miƙe ƙafa.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona, tunda ni na raka ta wasu wuraren. Gidan ya rubuta mata wata uku, Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ku ƙirga da yatsa: 30 da 31 da 30, kwana 91 ke nan. Bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta gajeren zama kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ba a ƙara ko yini guda don kana da kyan hali. Kwana ɗaya tak ya sa ta yi mako biyu tana musayar wasiƙu da su kafin su sake rubuto takarda da sabuwar rana, don in ba haka ba sai ta nemi bizar dogon zama, wadda hanyarta daban, takardunta daban, jiranta daban. Sai kuɗin biza, Yuro 90, wanda in an hana ka ba a mayar maka ko sisi. Sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000. Sai fasfo, wanda dole ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Sai bayanin asusun banki. A nan ne abin yake ba ni dariya mai ciwo: ana so mai zane ta nuna kuɗi na shigo mata a kai a kai kamar mai albashi, alhali ita sai ta yi wata huɗu ba ta sayar da ko ƙyalle ba, wata na biyar a sayi uku rana ɗaya. Wanda zai duba takardar kuwa, layin lambobi kawai yake gani.

Duk wannan tun ba a zo kan kayan aiki ba. Ranar Asabar na same ta zaune a ƙasa, akwati a buɗe, sikeli a gefe. Kilo 23 aka ba ta. Ta jera tuluwan fenti a kan tawul kamar mai shirin yi musu wanka, tana ɗaga wannan tana ajiye wancan. Ruwan da ake tsinka fentin mai da shi ba ya hawa jirgi, don yana kama wuta, sai dai ta saya a can da kuɗin can. Katakon da ake ɗaure ƙyallen zane a kai ba zai shiga akwati ba. Manyan zanenta biyu da suke so ta zo da su, sai da ta ciro su daga katako, ta naɗe su a jikin bututu mai kauri, fuskar fentin tana waje, don in ka naɗe shi ciki fentin matsewa yake ya tsattsage. Ta ɗora akwati a sikeli, kilo 26. Ta ciro rigar sanyi ɗaya da takalmi, ta mayar da farin fenti babba. Na ce mata ke, Nuwamba fa za ki yi a can, sanyin ba na wasa ba ne. Ta dube ni ta ce, Yaya, sanyi zan iya jurewa, farin nan kuwa ban san nawa zan same shi a can ba.

Wannan ce ake wa dariya. Wadda ta zaɓi fenti a kan rigar sanyi.

Sai wani ya ce, to wa ya aike ta? In ba ta da hali ta zauna mana. Madalla da wannan hikima. Wato ƙofa ta buɗe bayan shekara huɗu ana nema, bayan fom nawa da aka cike, wasu ma da kuɗin cikewa, bayan wasiƙun "muna baƙin cikin sanar da ke" da ba su ƙirguwa, sai ta mayar da ƙofar ta rufe don kada ta ɓata wa masu kallo rai. Da wannan shawarar ake bi, da 'ya'yan masu kuɗi ne kaɗai za su riƙa zuwa, sannan ku dawo ku ce ai harkar zane ta 'yan gata ce. Ku ne dai.

Wani kuma ya ce ai zane ko'ina ana yinsa, me ya sa sai an ƙetare teku. Gaskiya ne, ko a bayan ƙofa ana zane. Ita ma a bayan ƙofar take yi, tsakanin aikin da take ci da shi, da hidimar gida, da masu shigowa gaisuwa su zauna awa biyu. Yaushe rabon da ta samu kwana bakwai a jere babu wanda ya kira sunanta? Abin da gidajen nan suke bayarwa ke nan, lokaci da ɗaki mai haske, da bango mai faɗin da za ka jingina aiki ka ja da baya taku goma ka kalle shi. Sai kuma mutane: wani mai sassaƙa daga wata nahiya da zai leƙo ya yi maka tambayar da ba wanda ya taɓa yi maka, da ranar buɗe ɗakuna da masu shirya baje koli suke zagayawa. Gidan masu fasaha na Rijksakademie a Amsterdam shekara biyu cur yake riƙe mutum saboda wannan. Kuma don Allah a daina cewa Turawa, Turawa. Kehinde Wiley, wanda ya zana hoton Barack Obama na hukuma, a Dakar ya buɗe nasa gidan, Black Rock, a 2019, kuma daga ko'ina a duniya ake rububin zuwa can. Wanda zai tashi daga Amurka zuwa Senegal shi ma ƙasar waje ya tafi, shi ma sai ya bar aikinsa, shi ma kuɗin hayar gidan da ya baro ba ya tsayawa don ya yi tafiya.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ba wanda yake lissafawa. Wata uku ba ta nan. Ɗaliban da take koya wa zane za su nemi wani malamin, wasu ba za su dawo ba. Masu ba ta aikin hoto za su kai wa wani. Haya tana tafiya. Gayyatar ba ta biyan ko ɗaya daga ciki, domin, na sake faɗa, takarda ce.

Masu cewa ai in ta tafi ba za ta dawo ba kuwa, ba ni da lokacinku yau. Ku ne kuke cewa ba ta da kuɗin tafiya, ku ne kuma kuka riga kuka gina mata gida a can. Ku zaɓi ɗaya.

Abu guda zan yarda da shi, shi ma ba don malam ya faɗa ba. Akwai wuraren da suke fakewa da sunan zaman masu fasaha alhali gidan haya ne kawai mai kyan hoto. Duk wanda ya nema sai su ce an zaɓe shi, sannan su turo masa lissafi. Ƙannena masu tasowa, kafin ku yi murna ku yi tambaya. Wa ke biyan tikiti, kuma yaushe? Ɗakin kwana da ɗakin aiki ɗaya ne ko daban? Akwai kuɗin kayan aiki? Ana sa ran ka bar musu zane in za ka tafi? Ku nemi wanda ya taɓa zama a can ku ji daga bakinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙanwarmu ta yi duk wannan, ta san abin da ta sa hannu a kai, ta yi lissafinta, ta ga giɓi, ta ce bari ta cike shi da guminta. Ba ta roƙi kowa ba. Aikin hannunta ta fitar ta sa masa farashi ƙasa da darajarsa.

Kuma wallahi wannan ne ya fi taɓa ni. Akwai wani zane a cikinsu, na wata tsohuwa ta juya baya tana kallon taga, wanda ta yi kusan shekara tana yi. Na sha ce mata ta sayar mini, tana cewa wannan ba na sayarwa ba ne. Jiya na gan shi a jerin. Ban iya ce mata komai ba. Wanda bai taɓa yin abu da hannunsa ya ƙaunace shi ba, ba zai gane abin da ake ji ba in aka naɗe shi aka miƙa wa baƙo don a sayi kujera a jirgi. In ba za ka saya ba, ba dole. In ba za ka yi addu'a ba, shi ma ba dole. Amma ka yi shiru mana, shirun ai kyauta ne.

Ni abin da yake damuna yanzu ma dawowar ce. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, sama-sama ya yi kwanaki, can ciki kuwa sai ya yi watanni, shi ya sa ake jira wata shida ko fiye kafin a shafa masa abin ƙyalli. Duk abin da ta zana a makonnin ƙarshe ɗanye zai kasance ranar da bizarta za ta ƙare. Ko ta bar shi a can, ko ta biya a aiko mata daga baya, ko ta koma fentin ruwa mai saurin bushewa wanda ba ta so. Na ce ta tambaye su ko suna da wurin ajiya, ta ce sai ta isa tukuna, kada ta cika su da tambaya tun ba su ga fuskarta ba.

Af, tunda maganar akwati ta zo. Wanda ya ari babban akwatina mai ruwan toka shekara biyu da suka wuce, ya ce mako ɗaya zai yi da shi, na san kana karanta wannan, don jiya ma na ga ka danna wa malam alamar so. Nata tayar baya ta karye, a hannu take ɗaukarsa. Ka dawo mini da shi kafin Laraba, kuma da makullinsa.