Ku da kuke koyarwa "kafin aiki ya samu"

'Yan'uwana matasa da kuka karanta lissafi da kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, akwai maganar da ta ishe ni. Ka tambayi mutum me yake yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina ɗan koyarwa ne kafin aiki ya samu." To ita koyarwar mece ce, zaman kashe wando?

Shi kansa wanda aka sa wa kwalejin sunansa alli ya fara riƙewa. Kimiyya ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Amma ba shi na zo ba ku labari ba.

Malaminmu na lissafi, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa mallakar mota ba. Wata rana cikin zafin Afrilu ya fitar da mu gindin dogonyaro, riƙe da igiya mai ƙulli-ƙulli, tazararsu ɗaya. Ya sa yara uku suka ja ta: gaba 3 nan, 4 can, 5 a ɗaya gefen. Ya ce, "Mi kunka gani?" Kusurwa ta tsaya cak, irin wadda magina ke fitarwa a harsashin ɗaki. Sai da muka koma aji ya rubuta 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 sau 5.

Kason lamba kuwa da rabon gado ya koya mana. Mamaci ya bar naira 240,000, da mata da uwa da 'ya'ya: matar tumuni, 30,000, uwar sudusi, 40,000. Yaron da ke gudun lissafi ranar shi ya riga kowa ɗaga hannu, don ya taɓa jin wannan a makarantar zaure.

Na san albashin ba ya kai ƙarshen wata, ni ma cikinsa nake. Ka nemi wani aikin, ba laifi. Amma yaran da ke gabanka ba su ci bashinka ba, kuma in ba kiredit a lissafi, ko sun ci JAMB ƙofar karatun kimiyya a jami'a a rufe take. Kada ka miƙa wa monita littafi ya cika allo, kai kana ofis kana latsa waya.

Ni ma na yi hakan shekara biyu, Allah Ya yafe mini. Ranar Litinin ina da 'yan aji biyu, na riga na sayo igiya a Tsohuwar Kasuwa.