Muryar coci da muryar gida

'Yan'uwana a cikin Almasihu, musamman iyaye maza da mata waɗanda Ubangiji ya danƙa wa amanar 'ya'ya, ina gaishe ku da sunan Yesu. Akwai wata tambaya da ƙaramar 'yata ta yi mini wata ranar Lahadi, wadda har yau take sosa mini rai, kuma na ga ya dace in kawo ta gabanku domin na tabbata ba gidana kaɗai ta shafa ba.

Ran nan mun makara. An nemi takalmin ƙaninta ƙafa ɗaya an rasa, babban kuma bai gama shiri ba, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina duba agogo, har na ɗaga murya na faɗa wa mahaifiyarsu maganar da bai kamata ta fito daga bakina ba, balle a gaban yara. Muka shiga mota kowa ya yi tsit. Da isarmu ƙofar coci sai na saki fuska, na gaisa da dattawa hannu bibbiyu, na tambayi lafiyar iyalan mutane, aka ɗaga waƙar yabo na rera da dukan ƙarfina. A hanyar dawowa ne yarinyar, wadda a lokacin shekarunta 7, ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Baba, me ya sa muryarka ta coci ta fi ta gida daɗi?" Ba don rashin kunya ta faɗa ba. Abin da kunnenta ya ji ne ta tambaya a kai, ni kuwa na rasa amsar da zan ba ta.

Sa'ad da Musa yake yi wa Isra'ilawa jawabin ban kwana a ƙasar Mowab, bayan shekara 40 a jeji, ya umarce su su ƙaunaci Ubangiji da dukan zuciya da dukan rai da dukan ƙarfi, sa'an nan nan take ya juya ga zancen 'ya'ya. A Maimaitawar Shari'a 6:7 ya ambaci lokatai huɗu da za a riƙa koya musu maganar Allah, wato lokacin da ake zaune a gida, da lokacin da ake tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ku lura da kyau, cikin huɗun nan babu ko ɗaya da yake faruwa a wurin sujada, ko da yake akwai alfarwa da firistoci da hadayu a zamanin. Allah ya san cewa zuciyar yaro tana ginuwa ne a inda yake ganin iyayensa ba shiri, a gajiye, ko cikin fushi, ko cikin raha. Mako guda yana da sa'o'i 168. Idan iyali sun yi sa'a uku a coci ranar Lahadi, ko ma a ƙara da taron addu'a na tsakiyar mako, sauran fiye da sa'o'i 160 suna hannun gida da makaranta da hanya, kuma ba adalci ba ne mu ɗora wa malamin makarantar Lahadi alhakin gyara abin da muke rushewa kwana shida.

Kada wani ya ɗauka ina rage darajar zuwa coci. Luka 4:16 ya nuna mana cewa shiga majami'a ranar Asabar al'adar Ubangijinmu ce tun a Nazarat inda ya girma, kuma Ibraniyawa 10:25 ya gargaɗe mu kada mu daina taruwa kamar yadda waɗansu suka saba yi. Abin da nake roƙo shi ne mu ɗauki sujada a matsayin abin da yake farawa tun daren Asabar, lokacin da ake guge kayan yara, a nemo Littafi Mai Tsarki na kowa, a ware baiko, a kwanta da wuri. Yawancin rigingimun safiyar Lahadi daga sakacin daren Asabar suke tasowa, kuma aikin nan bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba, maigida yana zaune yana jira a ce masa an shirya. Yesu ya faɗa a Matiyu 5:23-24 cewa wanda ya kawo baikonsa gaban bagade, ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. Mun saba ɗaukar ɗan'uwan nan a matsayin wani na nesa, alhali sau da yawa matar da take zaune kusa da kai a benci ce, wadda ka ɓata wa rai sa'a guda da ta wuce.

Hanyar dawowa ma tana da nata haɗarin. Iyaye da yawa, da zarar an tashi, sai su shiga tsinke wa'azin fasto, da suturar wance, da yadda mawaƙa suka ɓata waƙa, da wanda aka ba shugabanci bai cancanta ba, yara kuwa suna baya sun kasa kunne. Yaron da ya yi shekara goma yana jin ana yanka ikilisiya a bakin iyayensa kowace Lahadi, idan ya girma ya juya mata baya, bai kamata a yi mamaki ba. Da a ce za mu tambaye su abin da aka koya musu a ajinsu, mu saurara har su gama ko da sun haɗa labarin Dauda da na Daniyel, sa'an nan uba ya faɗi abu guda da wa'azin ya taɓa a rayuwarsa shi kansa, da tafiyar nan ta minti ashirin ta zama makaranta.

Labarin Eli yana ba ni tsoro duk lokacin da na karanta shi. Firist ne a Shilo, rayuwarsa duka a hidimar Ubangiji ta ƙare, har shi ne ya gane cewa Allah ne yake kiran yaron nan Sama'ila da dare. Amma 'ya'yansa na cikinsa, Hofni da Finehas, sun girma a bakin alfarwa ba su san Ubangiji ba, suna ƙwace naman hadaya daga hannun masu sujada. Eli ya yi musu magana, sai dai bai hana su ba, kuma hukuncin da aka aiko masa ya ce ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah. Su biyun suka mutu a rana ɗaya a bakin dāga, shi ma ya faɗi ya mutu da jin labarin an ƙwace akwatin alkawari, yana da shekara 98. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dattijon ikilisiya, da shugabar mata, da mai koyar da waƙa, duk wanda hidima ta cinye masa maraice bakwai a mako, ya tsaya ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna da ɗansa su yi hira ba tare da faɗa ba.

Sai zancen bukukuwa, inda nake ganin mun fi yin asara ba tare da mun sani ba. Allah da kansa ne ya kafa wa jama'arsa idi, kuma ya tsara su yadda yara za su yi tambaya. A Fitowa 12:26-27 an faɗa wa iyaye cewa 'ya'yansu za su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa, aka kuma ba su amsar da za su bayar. A Idin Bukkoki, iyali sukan bar ɗakunansu su zauna cikin bukkoki kwana bakwai domin zuriya ta san yadda kakanninta suka zauna bayan fitowa daga Masar. Ku yi tunanin yaro yana kwance yana hangen taurari ta tsakanin ganye, yana tambayar mahaifinsa dalilin da ya sa suka bar gadajensu. Yau idan Kirsimeti ta gabato, tambayar da yaranmu suke yi ita ce me za a saya musu, kuma mu ne muka koya musu ita, domin tun makonni kafin ranar 25 ga Disamba ba su ji muna zancen komai ba sai kaya da abinci da kuɗin da bai isa ba.

Babu laifi a yi wa yaro sabon kaya, ko a dafa abin da ba a saba dafawa ba. Laifin yana wurin cin bashi don a burge maƙwabta, har sabuwar shekara ta shigo gida yana cikin ƙunci, miji da mata suna zargin juna, kuɗin makaranta ya gagara. Sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Yesu Haikali, hadayar da suka miƙa ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanadar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. A gidan da ba shi da halin ɗan rago ne Allah ya zaɓa Ɗansa ya girma, saboda haka babu iyalin da ya kamata su ji kunyar yin biki daidai ƙarfinsu. Maimaitawar Shari'a 16:14 kuma ta lissafta waɗanda za a yi murnar idi tare da su, ta sa baƙo da maraya da gwauruwa a layi ɗaya da ɗa da 'ya. Ku sa yaranku su ɗauki kwanon da hannunsu su kai wa wadda ta rasa mijinta a cikin shekarar, su zauna su gaishe ta, domin abin da suka gani a fuskarta zai daɗe a ransu fiye da rigar da za ta yi musu kaɗan kafin wata shekara. Haka kuma a lokacin Ista, kada mu tsallake daga hutu zuwa biki ba tare da mun zauna mun karanta musu labarin gicciye da kabarin da aka tarar babu kowa a ciki ba, ko da a babi ɗaya ne na Bishara.

Game da fita shan iska kuwa, akwai iyayen da suke ganin ɓata lokaci ne, ko ma alamar son duniya. Ban yarda da wannan ba. A Markus 6:31, bayan manzanni sun dawo daga aikin da aka aike su, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, Yesu ne da kansa ya ce su zo wurin da ba kowa su ɗan huta. Sau da yawa ma a waje ya yi koyarwarsa, a bakin teku da kan dutse da cikin gonaki, yana nuna tsuntsayen sama da furannin jeji yana cewa a dube su. Uban da ya kai yaransa bakin ruwa, ko gidan ajiye namun daji, ko wani fili mai itatuwa, ya tsuguna tare da su suna kallon jerin tururuwa, ya riga ya sami ƙofar yi musu zancen Mahalicci ba tare da ya buɗe wa'azi ba. Tafiyar da iyalin Yusufu suke yi kowace shekara daga Nazarat zuwa Urushalima domin idi, tafiya ce ta kwanaki a ƙafa cikin ayarin dangi da abokai, kuma zabura goma sha biyar ɗin nan, daga ta 120 zuwa ta 134, an san su da waƙoƙin haurawa, waɗanda ake dangantawa da masu zuwa idi. Ibada da tafiya da zumunci a haɗe suke a wurinsu.

Abin da yake kashe irin wannan fita a zamaninmu shi ne waya. Za ka ga iyali sun zauna a inuwa ɗaya, uba yana amsa saƙonnin aiki, uwa tana ɗaukar hotunan da za ta ɗora a Facebook, yaro yana jan rigarta yana cewa, "Mama, ki duba," ita kuwa tana ce masa ya bari tukuna. Sau uku zai kira, a na huɗu ya yi shiru, kuma yaron da ya saba yin shiru a kan ƙananan abubuwa ba zai zo da babbar damuwa ba ranar da ya kai shekara goma sha biyar. Ku ajiye wayar a jaka na sa'a biyu. Idan kuma hutu ya kai ku wani gari, ku nemi inda masu bi suke taruwa ranar Lahadi, ku yi addu'a kafin ku kama hanya da bayan kun sauka, don kada yara su ɗauka cewa ana barin Allah a gida tare da kayan makaranta.

Ina sane da cewa cikin masu karanta wannan akwai wadda take renon 'ya'ya ita kaɗai, da wadda mijinta ba ya taka ƙofar coci, da kakar da jikoki suka dawo hannunta. 'Yar'uwata, ki tuna da Timoti. Ayyukan Manzanni 16:1 ya gaya mana mahaifiyarsa Bayahudiya ce mai bi, mahaifinsa kuwa Bahelene, kuma sa'ad da Bulus yake yabon bangaskiyarsa, sunayen mata biyu ya ambata, kakarsa Lowis da mahaifiyarsa Afiniki, ya kuma shaida cewa tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai masu tsarki. 'Yar ayar da kike karanta musu da safe kafin su fita, da gajeriyar addu'ar da kike yi a kansu kina fama da gajiya, Ubangiji yana gani.

A daren ranar da 'yata ta yi mini tambayar nan, na tuna da gargaɗin Afisawa 4:26, cewa kada rana ta faɗi muna riƙe da fushi. Na tara su duka a falo kafin su kwanta, na dubi mahaifiyarsu a gabansu na ce mata, "Na yi miki laifi da safe, ki gafarta mini." Sa'an nan na juya ga yaran na roƙi gafararsu, domin su ma na tsorata su. Kalmomin sun yi mini nauyi a baki fiye da kowace addu'a da na taɓa yi a gaban jama'a. Ta ce ta yafe, muka durƙusa, ƙaramar ta ce ita za ta yi mana addu'a, ta gode wa Allah don abinci, da don an ga takalmin ƙaninta a ƙarƙashin gado, da don Baba ya daina fushi.