Kasafin ƙaramar hukuma: a rubuta iyakar, kowa ya gani

Duk shekara ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi kan tsara kasafin kuɗinsu, a kai Birnin Kebbi a duba, a ce ya bi ƙa'ida. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wace ƙa'ida, kuma a ina talaka zai karanta ta.

Ta fuskar haraji, iyakar a fili take, kuma ina goyon bayanta. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗinsu a kan abin da Majalisar Dokokin Jiha ta tsayar. Ciyaman ba shi da ikon wayar gari ya ƙirƙiro haraji don baitulmali ya bushe. Dokar haraji ta 1998 ma ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar kuɗi. Duk wanda ya san dalilin da ya sa Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979 ya san abin da mai karɓar kuɗi ke yi wa talaka idan ba a taka masa burki ba.

Sai dai ka tsaya bakin kasuwa lokacin kakar albasa, a Aliero ne ko a Jega. Manomi ya sauke buhunansa, mai rasit ya yago masa ɗaya, ɗan kamasho ya karɓi nasa, a tasha wani ya sake miƙo hannu. Bai san wanne ne na hukuma ba, wanne ne na ƙungiya, wanne ne na aljihun mutum. Yana biya ne don ya rabu da su kafin rana ta taɓa masa kaya. Iyakar da mai biya bai sani ba, ba ta kare shi da komai. Allo guda a ƙofar kasuwa, a rubuta kuɗin rumfa kaza, kuɗin buhu kaza, da boko da ajami, zai fi takardun umarni goma amfani.

Ta fuskar kashe kuɗi ne maganar ta fi tsami. Ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma sashe na 162 na tsarin mulki ya bi da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa na jiha. A can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da na ayyukan haɗin gwiwa, kafin ma'aji ya ga abin da ya rage. To kasafin da aka tsara a kan saura, ta yaya zai ƙetare iyaka? Ko yana so ba zai iya ba. Ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, nauyin ma'aikata ya ƙaru, rijiya da gyaran aji da maganin asibitin ƙauye su ne ke jira.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. An taɓa ganin zamanin da malamai ke shafe watanni babu albashi saboda an bar kuɗinsu a hannun ciyamomi. Ba a banza hukumar da ke sa ido kan hada-hadar kuɗi ta ƙasa ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana a 2019 ba. Sa ido dole ne. Amma sa ido daban, riƙe jakar daban. Abin da Kotun Ƙoli ta rarrabe ke nan ranar 11 ga Yuli 2024, da ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kantoma na naɗi ba ya cikin lissafi.

Ra'ayina shi ne jiha ta sa iyakarta cikin doka, da alƙaluma: kashi nawa zai tafi albashi, kashi nawa dole ya tafi aiki, bashi nawa ne ba za a wuce ba. Majalisa ta yi muhawara a kai, a buga. Abin da ba na yarda da shi shi ne iyakar da ke zuwa ta wayar tarho a tsakiyar wata. Ita ma jihar akwai ƙa'ida a kanta, domin dokar rabon arziki ta ce ta ba ƙananan hukumomi kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarta na cikin gida. A nuna mana shi a rubuce, wata bayan wata.

Kansiloli ne ya kamata su fara. Kada su ɗaga hannu kan kasafin bana sai an ajiye musu takardar abin da ya shigo daga Abuja, da abin da aka cire, da rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na bara, sannan a manna kwafinsu a bangon sakatariya.