A yi wa siginterrupt ritaya, amma ina magajinta?

Ina tare da masu cewa a sallami tsofaffin hanyoyin kama sigina (saƙon da tsarin kwamfuta ke aika wa manhaja ya katse ta) daga harsunan shirya manhaja, har da siginterrupt, wadda ke zaɓar ko a ci gaba da kiran da sigina ta katse ko a'a, sai dai da sharaɗi.

Laifin tsohuwar signal(), wadda da ita ake ɗora wa sigina aiki, a fili yake. A System V, wani reshen tsarin Unix, da zarar sigina ta shigo, tsarin yakan manta da aikin da ka ɗora mata. Idan ta biyu ta iso kafin ka sake ɗorawa, manhajarka ta mutu nan take. A BSD kuwa, wani reshen dabam, ba ya mantawa, har ma yakan ci gaba da karatun da aka katse. Suna ɗaya, hali biyu. Shi ya sa sigaction ta zo, inda kai ne za ka faɗi abin da kake so, misali da SA_RESTART, alamar da ke cewa a ci gaba da kiran da aka katse. POSIX, ƙa'idar da tsare-tsare irin na Unix ke bi, ta sanya siginterrupt cikin waɗanda zamaninsu ya wuce tun 2008, glibc 2.32, laburaren C na GNU, kuma ta fara gargaɗi a kanta a 2020, tare da su sighold da sigset.

To ga inda nake ja. A Python babu sigaction da mai rubuta manhaja zai kira kai tsaye, signal.siginterrupt ce ƙofar da ke kai shi ga SA_RESTART. Za a ce ai tun Python 3.5, a 2015, PEP 475, ɗaya daga cikin takardun shawarar gyaran Python, ta sa harshen yana maimaita da kansa kiran da ya dawo da EINTR, wato kuskuren da ke nuna sigina ta katse shi. Gaskiya ne, amma wannan kiran Python ne kawai. Laburaren C da ke zaune cikin manhajar, yana jiran bayanai daga soket, bai san da wata PEP ba. Mai lura da sabar da ke faɗuwa duk sanda SIGCHLD, siginar da ke sanar da cewa wata ƙaramar manhajar da sabar ta tayar ta ƙare, ta shigo, me za a ce masa? Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Mutanen Java sun gane haka. Lokacin JDK 9, fitowar Java ta tara, sun kulle yawancin kayan cikin gida, amma suka bar sun.misc.Signal, hanyarsu ta kama sigina, a buɗe domin babu madadinta.

Shi kansa gargaɗin ma, wa ke jinsa? Python na ɓoye DeprecationWarning, gargaɗin cewa za a yi wa wani abu ritaya, idan daga cikin laburare ya taso, sai mai gudanar da gwaji ne zai gani. Saboda haka a fara kawo madadin, a rubuta yadda ake sauya tsohon layi zuwa sabo, sannan a soma ƙirga fitowar Python biyun nan da PEP 387 ta tanada a yi gargaɗi kafin a cire abu.